Sau bakwai Jami'ar Houston ta je bakin kofi, har yau ba ta ɗauka ba

Malam Bashir: Assalamu alaikum 'yan zaure. Waɗanda suka hana idonsu barci daren Litinin wayewar Talata sun ga yadda ta kaya a San Antonio: Florida 65, Houston 63. Wannan ne karo na bakwai da ƙungiyar ƙwallon kwando ta maza ta Jami'ar Houston ke shiga sahun huɗun ƙarshe a gasar jami'o'in Amurka, wato 1967, 1968, 1982, 1983, 1984, 2021 da bana 2025, kuma karo na uku da ta buga wasan ƙarshe. Har yau kofin bai kwana a gidanta ba. Babu wata jami'a da ta kai wannan mataki har sau bakwai ba ta ɗauka ba sai ita. Tun jiya nake ganin matasa suna rubuta wai Houston ba ta da tarihi, kuma maganar ta tsaya mini a rai. Ni a ganina jami'o'in da suka sauya yadda ake buga ƙwallon kwando da yadda ake kallonta kamar Houston ba su da yawa. Mu tattauna da hujja.

Auwal Fagge: Wa alaikumus salam, Malam. Ina cikin waɗanda suka yi rubutun, kuma ban janye ba. Ban ce ba su iya wasa ba. Cewa na yi ba su da kofi, a wasa kuwa kofi shi ne magana. Florida yanzu uku gare ta, 2006, 2007 da 2025. Houston fa? Suna gaba da maki 12 bayan an dawo daga hutun rabin lokaci, suka bari aka kamo su. In abu ya faru sau ɗaya a ce tsautsayi ne, amma sau bakwai, Malam, ai ya zama hali.

Koci Ɗanjuma: Auwal, ka bi a hankali. Ka kalli daƙiƙun ƙarshen nan da kyau kuwa? Ratar maki biyu ce, ƙwallo na hannun Houston. Aka miƙa wa Emanuel Sharp a bayan layin maki uku, ya yi sama zai jefa, sai ga Walter Clayton na Florida ya taso masa hannu a miƙe. Yaron ya ga in ya jefa za a kaɗe ta, in ya sauko da ita a hannu kuma laifi ne, sai ya sake ta ƙasa. Doka ta hana shi sake taɓa ta sai wani ya taɓa. Haka ya tsaya yana kare ta da jikinsa, tana tsalle a gabansa, yana jiran ɗan'uwansa ya zo ya ɗauka, ɗan Florida ya faɗa kanta, lokaci ya cika. Ni da nake koyar da yara, abin da ya fi yi mini ciwo shi ne ko jifan ba a samu an yi ba. Amma waɗannan yaran dai, kwana biyu kafin nan Duke na gabansu da maki 14 saura wajen minti takwas, suka farke suka ci 70 da 67, alhali Duke na da Cooper Flagg, gwarzon ɗan wasan jami'o'i na bana. Mai halin karaya ba ya yin haka.

Malam Bashir: Bari in koma baya don Auwal ya san abin da nake nufi. Makarantar ta fara ne a 1927 a matsayin ƙaramar kwaleji, wasanni kuwa sai 1946 aka shiga gadan-gadan. Guy Lewis yana cikin 'yan wasanta na farko, ya zama koci a 1956, ya shekara talatin a kujerar, ya ci wasa 592. Shi ne dattijon nan da ba ya rabuwa da tawul mai ɗigo-ɗigon ja da fari a bakin fili, yana murɗa shi in wasa ya yi zafi. A 1964, lokacin da yawancin manyan jami'o'in kudancin Amurka ba sa yarda baƙar fata ya sa rigarsu, Lewis ya tsallaka jihar Louisiana ya ɗauko Elvin Hayes da Don Chaney. A shekarar kuma kocin ƙwallon Amurka, Bill Yeoman, ya ɗauko Warren McVea. Ku tuna a 1964 ɗin ne aka sa hannu a dokar da ta haramta wariyar launin fata a wuraren jama'a, don haka ba abu ne mai sauƙi ba a Texas ta wancan zamani.

Sai ranar 20 ga Janairun 1968. Jami'ar UCLA ta koci John Wooden ta yi wasa 47 a jere ba a doke ta ba, tana da Lew Alcindor wanda daga baya ya zama Kareem Abdul-Jabbar. Lewis ne ya matsa a kai wasan Astrodome, katafaren fili mai rufi wanda ba don ƙwallon kwando aka gina shi ba. Aka shimfiɗa katakon wasa a tsakiya, 'yan kallo na can nesa, mutum 52,693. Shi ne karo na farko da aka nuna wasan jami'o'i na tsakiyar kaka kai tsaye a talabijin a duk faɗin ƙasar da daddare, lokacin da kowa ke gida. Hayes ya zuba maki 39, shi ya jefa biyun ƙarshe saura daƙiƙa 28, aka tashi 71 da 69. Daga wannan dare gidajen talabijin suka gane akwai kuɗi a wasan ɗalibai, kuma daga nan aka samo dabarar buga manyan wasanni a irin waɗannan filaye, har da wanda aka buga a cikinsa shekaranjiya.

Auwal Fagge: Malam ka tsaya a Janairu, ba ka ƙarasa Maris ba. Alcindor ya buga wasan nan da ciwon ido, an ƙarce shi kwanaki kaɗan kafin nan. Da suka sake haɗuwa a wasan kusa da na ƙarshe, UCLA ta lallasa su 101 da 69, Hayes maki 10 kacal ya samu. Wasan da ba kofi a ciki suka ci, mai kofin suka sha kashi.

Malam Bashir: Haka aka yi, ban musa ba. Amma je ka tambayi duk wanda ya san ƙwallon kwando wane wasa ake tunawa da shi a 1968, na Janairu ko na Maris.

Zainab Tudun Wada: Baba Malam, ni fa ban san komai a kan wannan jami'a ba sai sunan Hakeem Olajuwon. Yaya aka yi ɗan Legas ya je can? Da gaske ne bai taso yana buga kwando ba?

Injiniya Lawal: Zainab, bari in amsa miki tunda a garin nake zaune. Da gaske ne. An haife shi a Legas a 1963, mai tsaron gida ne a ƙwallon ƙafa, yana kuma buga ƙwallon hannu. Ya riga ya zama saurayi kafin ya fara kwando, kuma gasarsa ta farko a Sakkwato ya buga ta, a wani bikin wasanni da makarantarsu ta je. Ya iso Houston a 1980, babu wanda ya je tarbarsa a filin jirgi, tasi aka ce ya hau ya zo makaranta. Shekarar farko bai buga ba, ta biyu daga benci yake tasowa. Abin da ya sauya shi shi ne hutun bazara da ya yi yana karawa da Moses Malone, babban ɗan wasan Rockets na lokacin, wato ƙungiyar garin da ke buga gasar ƙwararru ta NBA, a wani ɗakin wasa na cikin gari da ake kira Fonde. Malone bai raga masa ba ko kaɗan, kafaɗa da gwiwar hannu ya riƙa sakar masa. Da aka koma makaranta wani Hakeem ɗin daban aka gani.

Shi da Clyde Drexler da Michael Young da Larry Micheaux su ne aka yi wa laƙabi da Phi Slama Jama. Ki sani daga 1967 zuwa 1976 an haramta dankara ƙwallo cikin kwando daga sama a wasan jami'o'i, kuma ko bayan an ɗage dokar, kociyoyi da yawa na ganin abin rashin tarbiyya ne. Lewis shi kuma cewa yake babu jifan da ya fi shi tabbas, don haka a guje a dankara. Yaran unguwannin Houston ne yawancinsu, ba daga nesa aka kwaso su ba.

Koci Ɗanjuma: Duk wanda bai taɓa kallon wasansu da Louisville ba, na kusa da na ƙarshe a 1983, ya nema ya kalla. 94 da 81 aka tashi, kuma zagaye na biyu kusan a sama aka buga shi. Amma Malam, a nan ni da kai za mu raba hanya. Kofin 1983 ba jami'ar NC State da suka kara da ita a wasan ƙarshe ce ta ƙwace ba, Guy Lewis ne ya miƙa mata. Houston ta zo da wasa 26 a jere ba a ci ta ba. An je hutu ana binsu maki takwas, suka dawo suka zuba 17, abokan karawa 2, allo ya koma 42 da 35. A daidai nan Lewis ya ce a rage gudu, a riƙa jan lokaci. Kamar ka ja wa dokin sukuwa linzami ana tsakiyar tsere ne. A lokacin babu agogon da ke tilasta jifa a gasar, sai Jim Valvano, kocin NC State, ya ce wa yaransa su riƙa yin ƙeta da gangan, don ya san 'yan Houston ba su da hannu a jifan da ake bayarwa in an yi ƙeta. Cikin 19 goma kawai suka jefa. Ana 52 da 52 saura kusan minti ɗaya aka yi wa Alvin Franklin na Houston ƙeta, yaro ɗan shekarar farko, ya zubar. Sauran kowa ya sani: Dereck Whittenburg na NC State ya wurga daga nesa ba ta kai kwando ba, abokin wasansa Lorenzo Charles ya cafe ta a sama ya dankara, 54 da 52.

Malam Bashir: Koci, na san wannan zargi, shekara arba'in ana yi wa dattijon. Amma ka faɗi duka. A Albuquerque aka buga, gari ne a kan tudu, sama da mita 1,500, iska ba ta isar wanda bai saba ba. Hakeem sai da aka fitar da shi aka sa masa iskar shaƙa a benci. Drexler ya kwashi laifi huɗu tun kafin hutu, saura ɗaya a kore shi. Da wa za a ci gaba da gudun? Mutum ya duba yaransa ya ga sun galabaita, ya nemi ya huta da su. Da Franklin ya jefa biyun nan, da yau ana cewa Lewis ya yi hikima.

Koci Ɗanjuma: Allah ya ba ka haƙuri Malam, iskar nan ɗaya dukansu suke shaƙa. Ƙungiyar da duk shekara gudu ta sani, ba a wasan ƙarshe za ka koya mata tafiya ba. Kuma a jifan ƙarshen nan Hakeem ba ya ƙarƙashin kwando, ya ɗan matso gaba, shi ya sa Charles ya samu wuri babu mai tare shi. Duk da haka maki 20 ya ci, ya cafe ƙwallo 18 daga allo, aka ba shi gwarzon gasar alhali ƙungiyarsa ta faɗi. Tun daga kansa ba a sake ba wanda ya faɗi wannan kyauta ba.

Auwal Fagge: To kun gani. Ku biyu da kuka fi ni sani kuna jayayya a kan wa ya zubar, amma babu mai jayayya cewa an zubar. A 1982 North Carolina ta Michael Jordan ta fitar da su. A 1984 Georgetown ta Patrick Ewing ta doke su 84 da 75 a wasan ƙarshe. Kuna da Hakeem da Drexler a ƙungiya ɗaya ku kasa ɗaukar kofi, sannan mutanen nan biyu su haɗu a Rockets a 1995 su ɗauki na NBA. Wannan ba ya nuna muku matsalar daga makarantar take ba?

Anti Rabi: Sallama. Tun ɗazu nake karanta ku, kun maƙale a kwando kamar shi kaɗai ake bugawa a jami'ar. Auwal ƙanena, ka ce kofi shi ne magana. To ga kofi. Ƙungiyar golf ta maza ta Houston ta ɗauki kofin ƙasa sau 16 tsakanin 1956 da 1985, biyar na farko a jere, duk a hannun mutum ɗaya, Dave Williams, wanda asalinsa malamin injiniya ne a makarantar. Fred Couples da ya ci gasar Masters a 1992 ɗalibinsa ne.

Sai fagen da na fi sani, guje-guje da tsalle-tsalle. Carl Lewis a Houston ya yi karatu, a hannun koci Tom Tellez. Zinare tara ya ci a Olamfik, huɗu a Los Angeles a 1984 kaɗai, kuma ya ci dogon tsalle sau huɗu a jere daga 1984 zuwa 1996. Leroy Burrell shi ma ɗan Houston ne. A Tokyo a 1991 Lewis ya yi mita 100 a daƙiƙa 9.86 ya karya tarihin da Burrell ya kafa watanni kaɗan kafin nan, Burrell na biye da shi a na biyu. A 1994 Burrell ya karɓe abinsa da 9.85 a Lausanne. Mutum biyu, koci ɗaya, filin atisaye ɗaya, suna miƙa wa juna tarihin duniya. Kuma masu shekaruna za su tuna Barcelona a 1992, tseren miƙa sanda na mita 100 sau huɗu, inda Najeriya ta ci azurfa. Cikin huɗun da suka riga mu isa layi, Burrell ne ya karɓi sanda na biyu, Lewis ya ƙarasa. Daga baya Burrell ya riƙe ƙungiyar makarantar sama da shekara ashirin, a 2022 Carl Lewis ya gaje shi.

Auwal Fagge: Anti, tsakani da Allah wa ke kallon golf na ɗalibai? Ko a Houston ɗin na tabbata in kika tare mutum goma a titi, da wuya biyu su san da kofunan nan.

Anti Rabi: To ka ga ka sauya ma'auni ke nan. Ɗazu kofi ne magana, yanzu da aka kawo maka 16 ka ce sai wanda mutane suka kalla suka riƙe a rai. In abin da mutane suka riƙe ne ma'auni, ai maganar Malam ke nan tun farko: daren 1968 da yaran 1983 suna ran mutane fiye da ƙungiyoyi da yawa da suka ɗaga kofi.

Auwal Fagge: Ban sauya ba Anti. Kowane wasa da kofinsa ake auna shi. A golf Houston zakara ce, na sallama. A tsere ta fitar da gwanaye. A kwando kuwa ta biyu ce, kuma ta biyu ba ta ɗaya ba ce ko da duniya duka ta so ta.

Zainab Tudun Wada: Anti, mata fa? Duk sunayen da aka kawo na maza ne.

Anti Rabi: Madalla da tambaya, 'yata. Tun 1972 akwai doka a Amurka da ta hana makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya nuna bambanci tsakanin maza da mata, har a wasanni, shi ya buɗe wa mata ƙofar tallafin karatu. Seun Adigun a Houston ta yi tseren tsallake shinge. Ta ci zinaren Afirka na tsallake shinge na mita 100 a Nairobi a 2010, ta wakilci Najeriya a Landan a 2012, sannan ta kafa ƙungiyar tseren keken ƙanƙara ta matan Najeriya da ta je Olamfik na hunturu a Koriya ta Kudu a 2018. Ngozi Onwumere da suka je tare ita ma 'yar tseren Houston ce. Ƙasar da ba ta da ƙanƙara, amma mata suka kai tutarta can.

Dakta Habu: Na ji daɗin bayanan, amma ku yi mini afuwa in kawo abin da ba a so a ji. Jami'a wurin karatu ce. Drexler ya bar makaranta a 1983, Hakeem ya bari a 1984, dukansu kafin wa'adinsu ya cika. Su dai sun dace, Hakeem ma shi aka fara zaɓa a NBA a shekarar, gaban Jordan da ya zo na uku. Sauran fa, waɗanda suka cika fili da 'yan kallo amma NBA ba ta ɗauke su ba? Gasar kwandon nan da ake farawa a watan Maris tana kawo wa NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, wajen dala biliyan guda a shekara daga talabijin, amma har zuwa 2021 ɗan wasa ba shi da ikon karɓar ko sisi da sunansa ko hotonsa. Sannan tarihin da ake yabo yana da tabo. Andre Ware na Houston ya ci kyautar Heisman, ta gwarzon ɗan ƙwallon Amurka na jami'o'i, a 1989, baƙar fata na farko da ya ci ta a matsayin mai jefa ƙwallo, amma a shekarar ƙungiyar na ƙarƙashin hukunci saboda karya dokokin da aka yi a baya, ko a talabijin ba a nuna wasanninta ba. Shi kansa Kelvin Sampson da ke riƙe da kwando yanzu, a 2008 ya bar Indiana saboda karya dokar kiran waya ga yaran da ake zawarci, aka yi masa takunkumin shekara biyar. In za a ba da tarihi a ba da shi duka.

Injiniya Lawal: Dakta, duk abin da ka faɗa haka yake, kuma nan ma ana faɗa. Sai dai ka duba wace irin makaranta ce. Houston ba jami'ar 'ya'yan masu hali ba ce. Tana unguwar Third Ward, tsohuwar unguwar baƙar fata, kuma ɗalibanta da yawa daga gida suke zuwa, su yi darasi su wuce wurin aiki. Manyan jami'o'in jihar sun daɗe suna yi mata kallon raini. Sai 1976 ta fara buga ƙwallon Amurka a rukunin Southwest na manyan jami'o'in yankin, kuma a shekarar farko ta raba kambun rukunin ta je ta ci babban wasan ƙarshen kaka na Cotton Bowl. Da rukunin ya watse a 1996, Texas da Texas A&M da Texas Tech da Baylor suka shiga sabon rukunin Big 12, aka bar Houston a waje. Kuɗin talabijin ya ƙafe, 'yan kallo suka watse. Daga 1984 har 2018 ba ta ci wasa ko ɗaya ba a gasar Maris. Drexler da kansa ya dawo ya yi koci shekara biyu, ya ci 19 aka ci shi 39.

A wannan hali Sampson ya same ta a 2014. Na ga lokacin da za ka shiga tsohon ɗakin wasan ka zaɓi duk kujerar da kake so. Attajirin nan Tilman Fertitta ya ba da dala miliyan 20 aka gyara ɗakin, aka buɗe a 2018. Sampson ba ya samun yaran da Duke da Kentucky ke samu, sai ya gina ƙungiya a kan tsaro da kokawar cafe ƙwallo, yaro ya shekara huɗu ko biyar a hannunsa. A 2023 aka shigar da su Big 12 ɗin da aka hana su, suka zo na ɗaya a rukunin shekara biyu a jere, bana ma wasa 19 suka ci cikin 20. Ga mutanen garin nan, wannan ba wasa ba ne kawai.

Dakta Habu: Na fahimta Injiniya, kuma yaro ya shekara huɗu a makaranta ya fi mini komai daɗin ji cikin abin da ka faɗa. Tambayata dai tana nan ga kowace jami'a, ba Houston kaɗai ba: in an tashi lissafin nasara, a riƙa haɗawa da yawan waɗanda suka fita da takarda.

Zainab Tudun Wada: Kawu Injiniya, Hakeem yana garin har yanzu? An ce yana azumi yana buga wasa.

Injiniya Lawal: Yana da alaƙa mai ƙarfi da garin, yana kuma zuwa kallon yaran makarantar. Maganar azumi gaskiya ce. A Fabrairun 1995, wanda ya zo daidai da Ramadan, shi aka zaɓa gwarzon wata a NBA yana azumi. Akwai wani tsohon ginin banki a titin Main, mai manyan ginshiƙan dutse a gaba, shi ya saya a 1994 aka mayar da shi masallaci da cibiyar da'awa, aka buɗe a 2002. In kin shiga ranar Juma'a za ki ga sahu ƙarƙashin kubbar da a da masu ƙidayar kuɗi ke zama, ma'aikatan ofisoshin tsakiyar gari sun cika wurin da kwat da takalma a hannu.

Malam Bashir: Ni abin da ke damuna shi ne irin ma'aunin Auwal ba a bakin matasa kaɗai yake ba. Da shi aka hana Guy Lewis shiga zauren karrama gwanayen ƙwallon kwando shekara da shekaru. Mutumin da ya kai sahun huɗun ƙarshe sau biyar, ya rene Hayes da Hakeem da Drexler, waɗanda dukansu uku suna cikin gwanaye 50 da NBA ta zaɓa a 1996, sai 2013 aka shigar da shi, yana da shekara 91, a keken guragu. Bayan shekara biyu ya rasu. Almajiransa ukun nan duk sun riga shi shiga. Wannan zalunci ne, kuma rashin kwandon nan guda na 1983 ne ya jawo.

Auwal Fagge: Wannan kam ban goyi baya ba Malam, dattijon ya cancanta tun da wuri. Amma karrama mutum daban, kiran ƙungiya zakara daban. Ina nan a kan bakata.

Zainab Tudun Wada: To ni yanzu wata tambayar ce ta taso mini. Duk cikin waɗanda aka lissafa, wa ya fi kowa a tarihin makarantar? Ni dai Hakeem na zaɓa. Kofin NBA biyu, kuma an ce har yau babu wanda ya kai shi kaɗe ƙwallo.

Koci Ɗanjuma: Haka ne, 3,830. Kuma sarrafa ƙafarsa a ƙarƙashin kwando, wadda shi da kansa yake dangantawa da ƙwallon ƙafar da ya buga yana yaro, har Kobe Bryant da LeBron James sun je wurinsa koyo. Ina tare da ke.

Anti Rabi: Carl Lewis ne, babu tantama. Hakeem ya yi sarauta a gasar ƙasa ɗaya, Lewis da duniya duka ya kara, Olamfik huɗu, shekara goma sha biyu tsakanin zinarensa na farko da na ƙarshe.

Malam Bashir: Ku duka kuna lissafa abin da suka yi bayan sun bar makaranta. In abin da mutum ya yi sanye da jar rigar Houston ake tambaya, Elvin Hayes ne. A zamaninsa ɗan shekarar farko ba ya buga wa babbar ƙungiya, don haka kaka uku kawai ya samu. Babu layin maki uku, kuma a shekararsa ta ƙarshe an hana dankarawa. Duk da haka ya ci maki 2,884 a wasa 93, wato 31 a kowane wasa, ya cafe ƙwallo 1,602. Sama da shekara hamsin ke nan, babu ɗan makarantar da ya kamo shi a ko ɗaya daga cikin biyun.